Tasirin Daidaita Haƙora a Kan Kamannin Fuska

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi bayanin irin canjin da aikin daidaita haƙora kan kawo wa fuskar ɗan'adam, da kuma inda ikonsa ya tsaya. Abin da ake nufi da daidaita haƙora a nan shi ne wannan reshe na likitancin haƙori inda ake manna wa haƙora ƙananan ƙarafa, a ratsa su da waya, a riƙa ɗaure ta sannu a hankali har haƙoran su koma inda ake so. Mutane da yawa sun ɗauka aikin ya ƙare a cikin baki. Wasu kuwa sun ɗauka yana iya sake wa mutum fuska ɗungurungum. Duka ɓangarorin biyu sun kauce, kamar yadda za mu gani.

Yadda haƙori ke matsawa

Saiwar haƙori ba a kafe take a cikin ƙashi kamar ƙusa a jikin katako ba. Akwai wasu siraran zaruruwa da ke riƙe da ita a cikin ramin muƙamuƙi. Idan aka danna haƙori da ɗan ƙarfi kaɗan wanda ba ya yankewa, ƙashin da ke gefen da ake dannawa sai ya riƙa zaizayewa, ɗaya gefen kuma sabon ƙashi ya riƙa tsirowa yana cike gurbi. Ta haka haƙori kan yi tafiyar kimanin milimita 1 a wata. Shi ya sa aikin kan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci ma fiye.

To, ina ruwan fuska da wannan? Leɓɓa a kan haƙoran gaba suke jingine, kamar yadda zane ke kwanciya a kan igiyar shanya. Duk wanda ya lura da bakin tsohon da haƙoransa suka zube ya san haka. Saboda haka idan aka ja haƙoran gaba baya, leɓɓa kan bi su, idan aka turo su gaba, leɓɓa su turo. Sai dai ba sa bi daidai wa daida. Leɓe kan bi wani kaso ne kawai na tafiyar haƙori, kuma leɓe mai kauri bai cika bi kamar siriri ba. Hanci da haɓa kuwa waya ba ta taɓa su, amma idan leɓɓa suka ja baya, mai kallo daga gefe sai ya ga kamar hancin ya ƙara tsawo, haɓar kuma ta ƙara fitowa. Wato canjin na ƙasan fuska ne, daga gindin hanci zuwa haɓa.

Gardamar cire haƙori

Wanda ya aza harsashin wannan fanni shi ne Edward Angle na Amurka. A 1899 ya kasa rashin daidaituwar haƙora gida uku. Akwai inda muƙamuƙan suka dace amma haƙoran suka cunkushe ko suka karkace, akwai inda haƙoran sama suka zarce na ƙasa sosai har haɓa ta zama kamar ta noƙe, akwai kuma inda na ƙasa ne suka zarce, irin abin da aka sani a gidan sarautar Habsburg, musamman ga Sarki Charles na Biyu na Sifen wanda ya rasu a 1700. Angle ya tsaya a kan cewa ba a cire lafiyayyen haƙori. A ganinsa, muddin aka jera duka haƙoran daidai, fuska za ta daidaita da kanta. Calvin Case ya ja da wannan ra'ayi a wata shahararriyar muhawara a 1911, yana cewa jera haƙora a muƙamuƙin da ba shi da wuri turo baki kawai yake yi. A lokacin ba a saurare shi ba.

Abin mamaki, almajirin Angle ne, Charles Tweed, ya rushe maganar malaminsa. Da ya ga bakunan waɗanda ya yi wa aiki sun turo, haƙoran kuma suna komawa gidan jiya, sai ya sake yi musu aikin bayan ya cire ƙananan turame huɗu, waɗanda ke bin fiƙa. A 1940 ya nuna wa 'yan'uwansa likitoci sakamakon, daga nan kuwa cire haƙori ya zama ruwan dare. Amma shi ma wannan hanya an wuce gona da iri a cikinta, har aka riƙa samun mutanen da leɓɓansu suka shige ciki, matashi ya yi kama da wanda ya manyanta. Ya kamata a tuna cewa hanci da haɓa kan ci gaba da girma bayan an gama aiki, leɓɓa kuma kan sirance da shekaru. Bakin da aka ja baya daidai a shekara 14 yana iya zama ya shige da yawa a shekara 40.

Ma'aunin wa ake bi?

A nan ne, a ganina, maganar ta fi shafar mu. Tun 1931, lokacin da Broadbent a Amurka da Hofrath a Jamus suka fito da hanyar ɗaukar hoton ƙashin kai daga gefe, likitoci suka sami damar auna fuska da lissafi. Daga baya Robert Ricketts ya kawo wani ma'auni mai sauƙi: a ja layi daga tsinin hanci zuwa ƙarshen haɓa, leɓen sama ya kasance kimanin milimita 4 bayan layin, na ƙasa kuma kimanin milimita 2. Amma daga fuskokin Turawa aka ɗebo waɗannan alƙaluma. Shi kansa Angle fuskar gunkin Apollo, na tsofaffin Girkawa, ya ɗauka a matsayin cikar kyau. Baƙar fata kuwa, a mafi yawan lokaci, haƙoransa na gaba sun fi karkata waje, leɓɓansa sun fi kauri, kuma sukan kai layin ko su wuce shi ba tare da wata cuta ba. Likitan da ya ɗora wancan ma'auni a kan yaron Kano ko na Damagaram zai ga aibu inda babu shi, ya cire haƙora huɗu don gyara abin da halitta ce. Inda cirewar ke da amfani a fili shi ne inda turowar ta kai yaro ba ya iya rufe leɓɓansa sai da yunƙuri, har fatar haɓarsa ta tattare.

Wushirya ma misali ce. Littattafan fannin sun lissafa ta cikin abubuwan da ake toshewa, alhali a ƙasar Hausa, da wurare da dama na Afirka ta Yamma, ado ce da ake yabon mai ita. Al'ummar da ta san haƙorin Makka da jan fure a haƙoran mata ba ta rasa nata ra'ayi game da kyan baki ba. Wajibi ne a tambayi mai haƙoran kafin a rufe masa ita.

Shekaru da iyakar aikin

Sauran tambaya ita ce ko ana iya canza muƙamuƙin kansa. Ga yaro mai tasowa akwai na'urori na cikin baki da ke riƙe muƙamuƙin ƙasa a gaba, irin wadda William Clark ya ƙirƙiro a Sikotilan a 1977. Suna rage zarcewar haƙoran sama ƙwarai, amma gwaje-gwajen da aka yi daga baya sun nuna cewa yawancin gyaran daga karkatar haƙora yake zuwa, abin da ƙashi ke ƙarawa kaɗan ne. Ga babba kuwa, wanda girma ya tsaya masa, waya ba ta matsar da muƙamuƙi ko kaɗan. Idan bambancin ya yi yawa sai an haɗa da tiyata, a tsaga ƙashin a matsar da shi, bisa hanyar da Hugo Obwegeser ya bayyana a shekarun 1950. Robobi masu haske da suka shigo kasuwa a ƙarshen shekarun 1990 sun canza abin da ake sawa a baki, ba su canza wannan iyaka ba.

Wannan ya sa shekarun makaranta ke da muhimmanci, kuma malamin aji kan riga likita ganin alamu. Yaron da ya ci gaba da tsotson yatsa har bayan ya fara famfara, wajen shekara 6 ko 7, haƙoransa na sama kan turo, a sami kafa tsakaninsu da na ƙasa. Idan ya bari da wuri, sau da yawa kafar kan rufe da kanta. Haƙoran da suka turo sosai kuma su ne suka fi saurin karyewa a filin wasa. Yawanci akan fara aikin waya ne tsakanin shekara 11 zuwa 14, lokacin da haƙoran dindindin suka fito, jiki kuma yana kan girma. Bayan an cire wayar dole a ci gaba da sa abin riƙewa, galibi da dare, shekara da shekaru, domin haƙoran da aka matsar kan nemi komawa inda suka fito, leɓɓa kuma su bi su.