Kiskadi: Yadda keɓewa ke kaifafa basirar marubuta Alƙur'ani a Borno

Shekaru aru-aru ke nan almajirai daga ƙasar Hausa ke tafiya gabas, wato Borno, domin haddar Alƙur'ani. Daga cikin matakan karatun akwai kiskadi, inda gardi ke ƙaurace wa hayaniyar jama'a, ya kafa bukka a daji, ya duƙufa kan tilawa da tafakkuri.

Amfanin keɓewar bai tsaya ga hadda ba. Alaramma kan rubuta Alƙur'ani da ka, da alƙalamin kara da tawadar gargajiya, cikin salon rubutun Barnawi, sannan ya ƙawata shafuka da zayyana mai launuka. Aiki ne da ba ya yiwuwa sai zuciya ta natsu.

Binciken zamani ma ya danganta natsuwa da ƙirƙira. A 2012, masana a Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, ƙarƙashin Lorenza Colzato, sun gano cewa zaman shiru, wanda mutum ke barin tunani ya zo ya wuce ba tare da ya riƙe shi ba, na taimakawa wajen samar da sababbin dabaru.

Sai dai kiskadi na buƙatar daji mai aminci. Kisan gillar da aka yi wa manoman shinkafa na Zabarmari a gonakin Koshebe ranar 28 ga Nuwamba, 2020, wanda aka yi jana'izar mutum 43 washegarinsa, ya nuna haɗarin da ke kewayen Maiduguri. Inda manomi ba ya iya yini a gona, da wuya gardi ya kwana a bukka.