Me Ya Sa Ake Ƙara wa Akori-kura Tsayi?

A wannan makon za mu yi bayani a kan motocin nan akori-kura da ake ɗaga su sama a saka musu manyan tayoyi, har sai mutum ya taka matakala kafin ya shiga. Muna yawan ganinsu a finafinai. Wannan al'ada ta fi ƙarfi a Amurka, inda akwai shaguna da ba su da wani aiki sai sayar da kayan ɗaga mota.

Wanda ya fi yin suna a harkar shi ne Bob Chandler na yankin St. Louis a jihar Mizuri. Tun wajen tsakiyar shekarun 1970 ya riƙa ƙara wa motarsa Ford F-250 tsayi da girman taya, aka sa mata suna Bigfoot. A 1981 ya bi ta kan tsofaffin motoci da ita ya murƙushe su a wani fili. Daga baya irin waɗannan motoci suka koma amfani da taya mai tsayin inci 66, wato ƙafa biyar da rabi. Tayar kaɗai ta fi yawancinmu 'yan ƙaramar sakandare tsayi! Amma waɗannan na wasa ne, ba a hawa titi da su.

Na titi kuwa, hanya biyu ake bi. Ta farko, bakanike zai kwance bodin motar daga ƙarfen da yake zaune a kai, ya cusa wasu tubala masu ƙarfi a tsakani, bodin ya tashi da inci biyu ko uku. Wannan ta fi araha. Ta biyu ita ce a canza sifirin da sauran kayan da ke shanye gargada, a sa masu tsawo. Da ita mota kan tashi inci huɗu, shida, ko fiye, sai dai tana cin kuɗi sosai.

To ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Idan muka leƙa ƙarƙashin akori-kura ta baya, za mu ga wani ƙullin ƙarfe mai kama da tulu a tsakiyar sandar da ta haɗa tayoyin biyu. Shi ne ke fara dukan dutse ko tudun hanya. Ko an ɗaga bodi, ko an canza sifirin, wannan tulun yana nan inda yake, domin tsayinsa daga ƙasa ya dogara ne da taya. Ashe ke nan ɗaga motar yana samar wa babbar taya wuri ne, don kada ta riƙa gogar bodi. Tayar ce mai aikin.

Mu gwada da lissafin aji. A cire taya mai inci 30 a sa mai inci 33. Bambancinsu inci uku ne, amma tulun zai tashi da inci ɗaya da rabi kacal, tunda sandar a tsakiyar taya take. Sannan duk juyi ɗaya na sabuwar tayar ya fi na tsohuwar nisa da kashi goma cikin ɗari. Maleji kuwa juyi yake ƙirgawa, bai san an canza taya ba. Saboda haka zai nuna kilomita 100 alhali motar tana gudun 110, sai in an sake saita shi.

Amfanin a bayyane yake ga mai bin laka, kwazazzabai ko rairayi. A 2007 an kai Toyota Hilux yankin ƙanƙara na can ƙuryar arewacin duniya, bayan kamfanin Arctic Trucks na ƙasar Aisland ya gyara ta ya sa mata ƙatti-ƙattin tayoyi. Amma a ganinmu, wanda daga gida sai ofis a kan kwalta, ado kawai ya saya.

Kuma adon yana da tsada. Babbar taya tana da nauyi, don haka mota za ta ƙara shan mai, birki kuma ba zai tsayar da ita da wuri ba. Nauyin motar ya koma sama, sai ta zama kamar babbar motar da aka yi wa lodi har ya yi tozo: kwana kaɗan da gudu, tana iya kifewa. Fitilunta suna haske idon direban da ke tahowa. Abin da ya fi shafarmu mu masu tsallaka titi da safe shi ne, idan gaban mota ya yi tsayi, direba ba ya ganin yaron da ke tsaye dab da ita.

Shi ya sa jihohin Amurka da dama suka ƙayyade iyakar tsayin da za a ƙara. Akwai ma wani salo da ake ɗaga gaban motar a bar bayanta a ƙasa, ta zama kamar kura, direba yana kallon sama maimakon hanya. Jihar Karolina ta Arewa ta hana shi a 2021, jihar Bajiniya ta bi sahu a 2022.