Dalilan Da Suka Sa Kirista Ke Bauta Wa Allah: Bayani A Kan Maƙwabtanmu Na Kudancin Kano

A ƙasar da ke kudu da birnin Kano, watau tun daga Bebeji da Kiru, a bi ta Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada, har a ƙetare dajin Falgore a shiga Doguwa, galibin jama'a Musulmi ne kamar sauran ƙasar Kano. Amma a cikin ƙauyuka da unguwannin wannan yanki akwai waɗansu mutane da yawancin ma'aikata ba su san sha'aninsu sosai ba. Hausawa ne gaba da baya, manoma dawa da masara da shinkafa, ba su da wani harshe sai Hausa, sunayensu kuwa su Ɗanladi ne da Tanko da Talatu da Lami. Addininsu shi ne na Kirista. 'Ya'yansu suna zaune a azuzuwan makarantunmu, iyayen kuma suna zuwa ofisoshin hukuma neman takardu kamar kowa.

Sau da yawa malami yakan shekara yana koyar da yaro bai taɓa sanin abin da ake faɗa wa yaron nan ran Lahadi ba. Hausawa kuwa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Saboda haka muka ga ya kyautu mu bayyana wa masu karatu dalilan da mutanen nan ke bayarwa na bauta wa Allah, yadda su da kansu suke koyarwa, domin wanda zai yi hulɗa da su ya yi ta bisa sani.

ASALINSU

Mafi yawansu jikokin Maguzawa ne, watau Hausawan da suka zauna bisa al'adar kakanni har bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo na 1804. Sarakunan Kano sun bar su cikin amana, suna noma suna biyan jiziya. Cikin ƙarni na 20 ne wannan al'ada ta yi ta raguwa. Da yawa suka musulunta, musamman tun daga rangadin wa'azi da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya yi tsakanin 1963 da 1965, waɗansu kuwa suka zama Kirista.

Turawan mishan ba su sami shiga Kano da sauƙi ba. A 1900 Bishop Tugwell na ƙungiyar C.M.S. ya iso birni da mutanensa, cikinsu har da Dokta Walter Miller, amma Sarkin Kano Alu ya sallame su bayan 'yan kwanaki. Miller ya zauna Zariya daga 1905. A 1913 waɗansu mutane da ake kira Isawa suka zo wurinsa. Su almajiran wani malamin Kano ne, Malam Ibrahim, wanda aka kashe cikin ƙarni na 19 saboda irin matsayin da yake ba Isa ɗan Maryamu cikin wa'azinsa. Aka kafa musu ƙauye a Gimi ta ƙasar Zazzau, sai ciwon barci ya watsa ƙauyen, sauran suka tattaru daga baya a Wusasa. A ƙasar Kano kanta sai cikin shekarun 1930 aka yardar wa mishan ta S.I.M. ta yi aiki, ta yi jiyyar masu ciwon kuturta, sa'an nan ta buɗe asibitin ido a 1943. Daga S.I.M. ɗin nan ne ikilisiyar E.C.W.A. ta fito a 1954. Ita da Katolika da Angilikan suna cikin manyan ɗarikun da Kiristocin karkarar Kano ke bi.

Abin da ya fi kome ƙarfafa su shi ne samun littafinsu cikin harshensu. An buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a 1932, Miller kuwa yana kan gaba cikin masu fassarar. Sunan da aka sa wa Mahalicci a ciki shi ne Allah.

YADDA KAKANNI KE YI

Ba za a gane dalilan Kiristan kudancin Kano ba sai an san abin da kakansa ke yi. Wani masani Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya zauna cikin Maguzawan Kano a 1938 da 1939, ya buga littafi a kansu a 1946. Ya tarar sun yarda Allah ne ya halicci sama da ƙasa, amma ba su yi masa wata ibada, don a ganinsu yana nesa ƙwarai, bai shiga ƙananan al'amuran mutane. Waɗanda ke kusa su ne iskoki, su Kure da Gajimari da Inna, su ke kawo cuta su ke ɗauke ta. Kowane gida da iskokin da ya gada, kowane iska kuma da irin dabbar da yake so da launinta. Mai gida yakan yanka kaza ko akuya a wurin tsafi, a zuba jinin, domin damina ta yi kyau ko mara lafiya ya tashi. In aka yi sakaci da yanka, to, sai a zauna cikin fargaba ana jiran abin da zai biyo baya. Ibada ce ta ba-ni-in-ba-ka, tsoro kuwa shi ne ginshiƙinta.

DALILAI BIYAR

Dalili na farko shi ne halitta. Littafinsu ya buɗe ne da labarin yadda Allah ya yi sama da ƙasa da mutum, cikin kashin da suke kira Farawa. Suna cewa tun da shi ya yi kome, shi kaɗai ya cancanci a durƙusa masa, ruwan sama da amfanin gona da 'ya'ya duk daga hannunsa suke. Manomin da kakansa ke kai kaza gindin itace bayan girbi, shi yanzu damin dawa yake kaiwa majami'a ranar godiyar kaka.

Na biyu shi ne umurni. Cikin littafin Fitowa, sura ta 20, akwai dokoki goma da suka gaskata Allah ya ba Musa, waɗanda suka fara da hana bauta wa wani abu ban da shi, da hana sassaƙa gunki. A cikin Linjila kuma, sa'ad da aka tambayi Yesu wace doka ta fi girma, ya haɗa biyu ya ba da amsa, ƙaunar Allah gaba ɗaya da ƙaunar maƙwabci. Don haka ne masu wa'azinsu ke tsananta wa wanda ya karɓi baftisma kada ya koma wurin tsafi a ɓoye, ko da ciwo ya matsa wa gidansa.

Na uku shi ne wanda su da kansu suke ɗauka babba, watau godiya saboda ceto. Koyarwarsu ita ce ɗan Adam ya yi zunubi, ya rabu da Allah, ba shi kuwa da abin da zai biya ya fanshi kansa. Sai Allah ya aiko Yesu Almasihu, aka gicciye shi, ya mutu a madadin masu zunubi, ya tashi a rana ta uku. Wanda ya tuba ya ba da gaskiya gare shi, in ji su, an gafarta masa kyauta. Malamansu sun daɗe suna muhawara a kan matsayin aikin kirki cikin wannan al'amari, tun zamanin Martin Luther na ƙasar Jamus a 1517, muhawarar da ta raba Katolika da sauran ɗariku. Amma dukansu sun haɗu a kan cewa alherin Allah ne ya fara zuwa, sujada kuwa amsa ce da mutum ke mayarwa. Bahaushe ya ce yaba kyauta tukwici, to, haka Kirista ya ɗauki waƙarsa da addu'arsa da baikonsa. Wannan ne kuma ya sa ba su yin yanka don neman gafara, domin sun gaskata mutuwar Almasihu ita ce hadaya ta ƙarshe, ba ta bukatar ƙari.

Na huɗu shi ne kusanci. Kirista yana kiran Allah Uba cikin addu'arsa, manufarsa kuwa ita ce Allah yana ji, yana kula da mutum yadda uba ke kula da ɗansa. Ga mutumin da ya tashi a gidan da ake cewa Allah yana nesa, iskoki ne a kusa, wannan magana ba ƙarama ba ce. Ma'anarta ita ce talaka yana iya kai kukansa wurin Mahalicci kai tsaye, cikin Hausa, ko a gona ko a ɗaka, ba sai ya nemi kaza mai launi kaza ba. Suna kuma gaskata cewa Ruhu Mai Tsarki yana tare da mai bi, ya fi ƙarfin kowane iska da kowane sammu. Wanda ya san yadda tsoron maita ke hana mutanen ƙauye barci zai gane abin da ya sa wannan dalili ya kama zukatansu.

Na biyar shi ne sa zuciya ga lahira. Sun gaskata za a ta da matattu, a yi hisabi, masu bi su zauna tare da Allah har abada. Saboda haka sujadar duniya a wurinsu somin-taɓi ce ta abin da za a dawwama ana yi. Shi ya sa in ka halarci jana'izarsu za ka ji waƙoƙi tare da kuka.

YADDA SUKE SUJADA

Ran Lahadi suke taruwa, don sun gaskata a wannan rana ce Almasihu ya tashi daga kabari. Sukan fara da waƙoƙin yabo, maza a gefe guda mata a gefe guda a yawancin majami'un ƙauye, ƙungiyar Zumuntar Mata kuwa ita ke ɗaukar nauyin waƙa da kiɗan tulu da caki. Sai a karanta Littafi Mai Tsarki, wanda ya kasu Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. Littattafai 66 ne a cikinsa, a wurin Katolika kuwa 73, har da Zabura mai waƙoƙi 150. Fasto ko mai bishara ya yi wa'azi, a yi addu'a domin marasa lafiya da damina da shugabannin ƙasa, a tara baiko. Lokaci lokaci sukan ci jibin Ubangiji, watau gurasa da abin sha kaɗan, don tunawa da mutuwar Almasihu. Manyan bukukuwansu biyu ne, Kirsimeti ran 25 ga Disamba don haihuwarsa, da Ista don tashinsa.

INDA AKA BAMBANTA

Ba daidai ba ne a ɓoye wa mai karatu cewa akwai saɓani mai zurfi tsakanin wannan koyarwa da ta Musulunci. Musulmi sun gaskata Annabi Isa manzo ne mai girma, bawan Allah, ba a kashe shi ba, ba a kuma gicciye shi ba. Kirista kuwa suna kiransa Ɗan Allah, suna bayyana cewa ba haihuwa irin ta jiki suke nufi ba, suna kuma cewa Allah ɗaya ne cikin uku, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, abin da Musulunci bai yarda da shi ba ko kaɗan. Malaman ɓangarorin biyu sun yi ƙarnuka suna wannan magana, ba kuwa a aji ko a ofis za a yanke ta ba. Abin da ya kamata a riƙe shi ne kowane ɓangare da gaske yake yi. Kiristan Doguwa da ke tafiya mai nisa da ƙafa zuwa majami'a cikin ruwan Agusta yana da dalilansa, ga su kuwa mun zayyana.

ABIN DA YA RATAYA A WUYAN MALAMI DA AKAWU

Jahiltar juna tana da tsada. A watan Satumba na 2007 an yi tarzoma a garin Tudun Wada, wadda ta samo asali daga wata ƙara tsakanin 'yan makarantar sakandare, aka ƙone majami'u da kantuna, aka yi asarar rayuka. Wutar da ta tashi daga makaranta, a makaranta ya kamata a fara tsare ta.

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya faɗi magana a sarari. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini, ya kuma hana a tilasta wa ɗan makaranta karatun addini ko ibadar da ba ta addininsa ba ce, wadda iyayensa ba su amince da ita ba. Sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa. Duk da haka Hausawa Kirista, waɗanda ke kiran kansu Masihiyawa, sun sha kai kuka a kan wuyar samun takardar shaidar asali, da filin gina majami'a, da ƙarancin malaman da za su koya wa 'ya'yansu addininsu. Akawun da aka kawo wa takarda mai suna Bulus Ɗanladi, ya kamata ya duba ƙauyen mutumin da shaidar mai unguwarsa, kada ya tsaya a kan sunan, domin mai yiwuwa kakannin Bulus sun fi shekara ɗari biyu suna noma wannan fage.

Malami kuma ya lura da bakinsa da bakin 'yan ajinsa. Kalmar arne ba ta dace da yaron da ke kiran sunan Allah safe da yamma ba, ba ta kuwa gyara kowa. In gardamar addini ta taso tsakanin yara, a kashe ta tun tana ƙarama, a kira iyaye da dagaci da liman da fasto su zauna. Haka nan ya wajaba a kan iyayen Kirista da masu wa'azinsu su hori 'ya'yansu da ganin girman abin da maƙwabtansu Musulmi ke girmamawa, tun da littafinsu ya haɗa ƙaunar maƙwabci da ƙaunar Allah wuri guda. Kasuwa ɗaya ake ci, rijiya ɗaya ake sha, in fari ya zo kuwa ba ya tambayar gonar wa ce.

Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.