Yadda amon kalma kan yi kama da ma'anarta a harsunan duniya

A Kontagora ta Jihar Neja, inda Hausawa da Fulani da Kambari da Dukawa ke cuɗanya, baƙon da Hausarsa ba ta nuna ba zai iya hasashen cewa "mitsitsi" ƙaramin abu ne, "gabjeje" kuwa babba. Masana harshe sun daɗe suna nazarin dalilin hakan.

Ferdinand de Saussure, a littafinsa da aka wallafa a 1916, ya koyar cewa babu wata alaƙa ta tilas tsakanin amon kalma da ma'anarta. Wannan gaskiya ne ga mafi yawan kalmomi, amma ba duka ba.

A 1929, Edward Sapir na Amurka ya gabatar wa mutane kalmomin ƙirƙira biyu, "mil" da "mal". Galibinsu sun ba ƙaramin tebur "mil", babba kuma "mal". Wasalin "i" na fita ne da baki a tsuke, "a" kuwa da baki a buɗe.

A 2016, Damián Blasi da abokan aikinsa sun nazarci kalmomin harsuna sama da 4,000. Sun gano cewa sunan hanci kan ɗauki sautin "n", na harshe kuma "l", har a harsunan da ba su da dangantaka. Hausa na da "hanci", Fulatanci "hinere", Larabci "anf". Sai dai akwai buƙatar taka-tsantsan: "halshe" na Sakkwatanci da "lisan" na Larabci sun yi kama ne domin harsunan biyu tushensu ɗaya.

A Hausa, lamarin ya fi fitowa fili a rukunin amsa-kama. An ce ya faɗa ruwa tsundum, gari ya yi tsit, fari fat, baƙi ƙirin. Wasu na kwaikwayon ƙara, wasu kuma na siffanta launi ko motsi da ba su da ƙara ko kaɗan.

Bincike a kan yaran Japan ya nuna cewa sun fi saurin koyon sababbin aikatau idan amonsu ya dace da ma'anarsu. Don haka malaman firamare da ɗaliban koyon malanta a Kontagora na da makami a hannu. Bai kamata a ɗauki amsa-kama a matsayin maganar kasuwa da ake sharewa daga littattafan karatu da fassarar labarai ba.