Yadda Dutsen Dala Ya Hau Katin Gidan Waya

Tun kafin zamanin wayar hannu, Baturen da ya zo ƙasar Hausa yakan aika wa danginsa tsaraba mai araha: kati mai hoto a gaba, adireshi da gaisuwa a baya. An fara katin gidan waya a Ostiriya a 1869, daga baya aka ƙawata shi da hotuna. Ya samu kasuwa sosai a tsaunukan Suwizalan, inda 'yan yawon buɗe ido ke son shaidar sun je.

A wajenmu Kano ta fi shan kyamara, musamman bayan layin dogo ya iso a 1911. Mai hoto yakan hau Dutsen Dala da akwatinsa mai ƙafa uku da fallayen gilashi masu saurin fashewa, ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ya ɗauko soraye da kududdufai har zuwa badala. Walter Mittelholzer, matuƙin jirgin sama ɗan Suwizalan da ya yi suna da hoton tsaunuka, ya ɗauki Kano daga sama a tafiyarsa ta Tafkin Chadi, 1930 zuwa 1931. Hotunan suna ɗakin karatu na jami'ar ETH a Zurich.

Abin takaici, birni kyamara ta fi bi. Da wuya ka ci karo da katin Matazu, ko na gonakin audugar Malumfashi da duwatsun Funtua. Wanda ke da tsohon hoton garinsu a adakar kakansa, ya ɗauke shi a waya tun gara ba ta cinye ba.