Mai Riƙon Kyanwa da Alhinin da Ba a Zuwa Masa Gaisuwa

A manyan biranen Turai da Amurka, inda mutum kan shekara a gidan haya bai san sunan maƙwabcinsa ba, balle ya bar masa amanar gida, an samu wata sana'a da ta tsaya da ƙafafunta, wato riƙon dabbobin gida. Abin da ake nufi shi ne, idan tafiya ta kama mai dabba, sai ya biya wani ya riƙa leƙa gidan sau ɗaya ko sau biyu a rana, ya zuba wa dabbar abinci, ya sake mata ruwa, ya kwashe akwatin yashin da take bahaya a ciki, ya kuma ba ta magani idan tana sha. Kyanwa ce ta fi dacewa da irin wannan riƙo, domin hankalinta a ɗaure yake da wurin da ta saba da warinsa, kuma ɗauke ta a kai ta gidan ajiyar dabbobi kan firgita ta har ta ƙi cin abinci. Tun a shekarar 1994 wata Ba'amurkiya mai suna Patti Moran ta kafa ƙungiyar Pet Sitters International a jihar Karolina ta Arewa domin masu wannan aiki, wanda ya daɗe da wuce taimakon maƙwabtaka ya zama hanyar cin abinci mai inshora da yarjejeniya a rubuce.

Abin da ba a cika faɗa wa mai shiga sana'ar ba shi ne yawan mutuwar da zai gani. Wani nazari da Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Masarauta da ke Landan ta fitar a 2024, bayan duba bayanan kyanwoyi kusan 8,000 da suka mutu a Birtaniya, ya nuna cewa matsakaicin ran da ake tsammanin kyanwar gida za ta yi shekara 11.7 ne, mata kuma sun fi muzurai daɗewa da shekara guda da ɗoriya. Mai kyanwa ɗaya sau kaɗan zai gamu da wannan rashi a tsawon rayuwarsa, amma wanda ke riƙe da makullan gidaje masu yawa, waɗanda a cikinsu akwai tsofaffin kyanwoyi da marasa lafiya, su ne kuwa masu su suka fi tsoron bari babu mai dubawa, da wuya shekara ta zagayo bai goge wani suna daga littafinsa ba.

Sanin da mai riƙo ke yi wa kyanwa daban yake da na mai ita, kuma ta wata fuskar ya fi shi kaifi. Kyanwa mafarauciya ce, amma ƙarama, wadda a daji akwai masu farautarta, saboda haka ɗabi'arta ce ta ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinta. Mai ita yana ganinta safe da yamma, ido kuwa wanda yake gani kullum ya raina, sai ramar ta yi ta shiga a hankali bai lura ba. Mai riƙon da rabonsa da ita wata huɗu, da ya shafa bayanta ya ji ƙashin ya fito, ya san akwai magana. Shi ne kuma aikinsa ya tilasta masa duba abin da kowa ke kau da kai daga gare shi, wato yawan dunƙulen fitsarin da ke cikin yashi da saurin ƙarewar ruwan kwano, waɗanda su ne alamun farko na ciwon ƙoda da ciwon sukari. Wani binciken Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Masarauta na 2015 ya sanya ciwon ƙoda a gaba cikin abubuwan da ke kashe kyanwoyin da suka kai shekara biyar zuwa sama, yayin da haɗari, musamman na mota, ya fi ɗaukar ƙanana. Gogaggen mai riƙo ya san cewa kyanwar da ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitse na iya taruwa a hantarta ya halaka ta, ya kuma san cewa muzurun da ke yawan tsugunawa fitsari ba ya fita, mafitsararsa ce mai yiwuwa ta toshe, kuma jinkirin kwana ɗaya ko biyu na iya zama ajalinsa. Wasu masu riƙon har allurar insulin suke yi, ko ƙarin ruwa a ƙarƙashin fata ga mai ciwon ƙoda. Wanda ya yi irin wannan jinya yana durƙushe a ɗakin girkin wani, ba za a ce masa baƙo ba ranar da dabbar ta mutu.

Ko ita kyanwar ta san da shi, wannan ma an taɓa shi da bincike. A 2019 Kristyn Vitale da abokan aikinta a Jami'ar Jihar Oregon sun gwada kyanwoyi da irin gwajin da ake yi wa jarirai, wato a bar su su kaɗai a baƙon ɗaki sannan mai kula da su ya dawo, suka ga kimanin kashi 65 cikin 100 suna samun natsuwa da dawowarsa. A wannan shekarar dai Atsuko Saito a Japan ta nuna cewa kyanwoyi na bambanta sunansu da sauran kalmomi, ko da bakin baƙo ne ya kira.

A 1989 masanin alhini Kenneth Doka ya fito da wani ra'ayi da ya yi suna, wanda za a iya kira alhinin da ba a yarda da shi ba, wato baƙin cikin rashin da jama'a ba su ɗauka rashi ba, ko ba su ɗauki mai yin sa a matsayin wanda ya cancanci ya yi ba, don haka babu zaman makoki, babu gaisuwa, babu mai ɗaga masa ƙafa a wurin aiki. Mutuwar dabbar gida na cikin misalan da aka fi kawowa. Sai dai a ƙasashen da ake magana, mai dabba ya fara samun gurbi: ƙungiyar Blue Cross ta Birtaniya tana da layin tarho na rarrashin waɗanda suka rasa dabba tun 1994, ƙungiyar Cats Protection ma tana da nata, asibitocin dabbobi kuma kan aika da katin jaje. Mai riƙo kuwa tauyewarsa ninki biyu ce, domin abin da ya mutu dabba ce, kuma ba tasa ba ce. Sau da yawa ba a ma tuna a sanar da shi, sai dai ya ga lokacin hutu ya zo gidan bai kira ba, ko a aiko masa cewa ya mayar da makulli. Akwai kuma wani ƙaiƙayi da ke hana shi buɗe baki: da mutuwar kyanwar cinikin gidan ya ƙare, saboda haka yana gudun a ɗauki juyayinsa a matsayin kukan kuɗin da ya kuɓuce. Idan gidan na da wata kyanwar, shi ne zai dawo ya tarar da ita ta canza. Wani nazari na Jami'ar Oakland da ke jihar Michigan a 2024, wanda ya tambayi masu kyanwoyi 412, ya ba da rahoton raguwar ci da wasa, da ƙaruwar neman kusantar mutane, a wurin kyanwar da abokiyar zamanta ta mutu, kodayake masu binciken da kansu sun yi gargaɗin cewa mai jimami kan iya ɗora nasa jimamin a kan dabbar.

Mafi nauyin lamarin shi ne idan mutuwar ta zo a hannunsa, mai gida yana wata ƙasa, waya ba ta shiga. Likitocin dabbobi a Turai da Amurka kan ba da shawarar allurar ƙarasawa, wato maganin barci mai yawa da ke tsayar da numfashi da zuciya, ga dabbar da ciwonta ya gagari magani, wannan kuwa hukunci ne na mai ita, ba na ɗan aike ba. Shi ya sa masu sana'ar ke neman takardar izini tun kafin tafiya, wadda ta faɗi asibitin da za a kai dabbar, da iyakar kuɗin da za a kashe, da wanda za a kira idan ba a sami mai gida ba, da yadda za a yi da gawar. Wanda ya karanta Risala a zaure ba zai ji wannan baƙon abu ba, domin a fiƙihun Malikiyya wanda aka bai wa ajiya ba ya biyanta idan ta halaka sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Amma kuɓuta daga biya ba ta hana zuciya tuhumar kanta, kuma tambayar ko da an zo da sassafe da an cece ta kan daɗe tana bin mai riƙo.

Tunawa da kyanwa bayan ta mutu ba sabon salon masu ƙoshi ba ne. A 2004 masu tonon tarihi ƙarƙashin Jean-Denis Vigne sun bayyana wani kabari a tsibirin Kubrus mai kimanin shekara 9,500, inda aka binne mutum da kyanwa dab da juna. Herodotus, a ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta cewa Misirawa kan aske gashin gira idan kyanwar gida ta mutu, kuma har yau a Alƙahira akwai akwatin gawa na dutse da Yarima Tutmos, ɗan Fir'auna Amenhotep na Uku, ya sa aka sassaƙa wa kyanwarsa. Sai dai kuskure ne a ɗauki duk gawar kyanwar da aka busar a Masar a matsayin shaidar ƙauna, domin hotunan ƙashi sun nuna da yawansu ƙanana ne da aka kiwata aka karya wa wuya don a sayar wa masu ziyarar wuraren bauta. Waɗanda aka tono a Bani Hasan a 1888 kuwa, kimanin tan 19 daga cikinsu a Liverpool suka ƙare, aka yi gwanjonsu a 1890 aka mayar taki. Shaidar da ta fi gamsarwa tana Berenike, tsohuwar tashar jiragen ruwa a gaɓar Bahar Maliya, inda aka sami kaburburan dabbobi kusan 600 na ƙarni na farko da na biyu bayan haihuwar Annabi Isa, akasarinsu kyanwoyi, wasu da abin wuya na ƙarfe ko duwatsun ado, wasu kuma da tsofaffin raunukan da ba za su rayu da su ba sai da jinyar mutum. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, mawaƙi Ibnul Allaf, wanda ya rasu wajen shekarar 930, ya yi wa kyanwarsa marsiyya bayan maƙwabta sun kashe ta saboda cin tattabarunsu, kuma kamar yadda Ibn Khallikan ya ruwaito, wasu sun ce saƙa ya yi da mugun zare ga hukuma, wai wani mai suna Ibnul Mu'utazz da hukumar ta kashe yake wa kuka a fakaice. Ko da hakan gaskiya ne, zaɓen kyanwa a matsayin mayafi ya nuna cewa masu sauraro a lokacin ba su ga baƙon abu a yi mata marsiyya ba.

Maƙabartun dabbobi na zamani sun faro ne a ƙarshen ƙarni na 19: Hyde Park a Landan a 1881, Hartsdale a jihar Niyok a 1896, da Asnières kusa da Paris a 1899. Eric Tourigny na Jami'ar Newcastle, da ya duba allunan kaburbura fiye da 1,000 a Birtaniya, ya nuna a 2020 cewa bayan Yaƙin Duniya na Biyu rubutun ya karkata daga kiran dabba abokiya zuwa lissafa ta cikin iyali. Yau kuma harkar ta zama kasuwa: ƙona gawa a mayar da toka a tulu, hoton tafin ƙafa a yumɓu, har da kwafin halitta, wato a ɗauki ƙwayar jikin dabba a samar da wata mai irin gadonta. A 2004 an sayar da kwafin wata kyanwa a kan dala 50,000, amma kyanwar farko da aka yi wa haka, mai suna CC, wadda aka haifa a Jami'ar Texas A&M a 2001, ko launinta bai zo ɗaya da na wadda aka kwaikwaya ba. Abin da ake kewa, wato inda take kwanciya da hantsi, da irin kukan da take yi in ta ji an buɗe gwangwani, da wanda take gudu da wanda take yarda ya ɗauke ta, ba a ƙwayar halitta kaɗai yake ba, a ƙwaƙwalwar waɗanda suka zauna da ita yake.

Nan ne mai riƙo ke da abin da kasuwa ba ta sayarwa. Tun 1996, da aikin Dennis Klass da abokansa, masana da dama suka bar tsohon ra'ayin cewa warkewa daga rashi ita ce yanke alaƙa da abin da aka rasa, suka karɓi cewa ci gaba da ambato da tunawa na iya zama lafiya. Wayar mai riƙo cike take da hotuna da gajerun rahotannin da yake aika wa matafiya kullum, kuma shi kaɗai ne ya san yadda kyanwar ke kasancewa idan mai ita ba ya nan, ko tana kwana a kan rigarsa, ko a rana ta nawa take fitowa daga ƙarƙashin gado. Mai jimami da aka tattara masa waɗannan aka ba shi ya sami labarin da bai taɓa sani ba game da dabbar da yake ganin ya gama sani.

A ƙasar Hausa, inda ake ajiye mage galibi don ɓera, in ta mutu kuma juji ake nufa da ita, ba a bukatar maƙabarta ko tulun toka, addini ma bai shar'anta wa dabba jana'iza ba. Amma hadisin matar da aka azabtar saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha har ta mutu, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya isa nuna cewa barin ta a kulle a tafi ba ƙaramin abu ba ne. Duk mai tafiya ya bar mage a hannun maƙwabci ko yaron gida, ya gaya masa abin da take ci, da alamun ciwon da zai lura da su, da likitan dabbobin da zai nema. In ta mutu a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne ta, kada a jefa a kwata, a kuma sanar da wanda ya saba ciyar da ita, musamman idan yaro ne, ba tare da an yi masa dariya ba in ya yi hawaye.