Harafin da ke ɓacewa bayan goma

A kasuwar Alawi da ke tsakiyar unguwar Balad a Saudiyya, kusa da Gidan Nassif, wani mai shagon tsaraba ya liƙa farashin kayansa a jikin kwali da Turanci. Baƙi sun ƙaru a unguwar tun da UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, dole ɗan kasuwa ya bi zamani. Carbi: "5 riyals". Kwalbar turare: "10 riyals". Darduma: "25 riyal". Jallabiya: "50 riyal".

Ina harafin "s" ya shiga a biyun ƙarshe? A Turanci, abin ƙirga in ya wuce ɗaya jam'i ne, biyu ne ko dubu.

Abokin tafiyata ya ce gajiya ce, hannu ya mutu a ƙarshen kwali. Sai ga "3 pieces" a layin can ƙasa, da harafinsa cas. Wuri kuwa bai ƙare ba.

Sai zargi ya koma kan yaron shagon, ɗan Takari da ya gaishe mu da Hausa tsantsa. To, Bahaushe "riyal biyar" yake cewa, "riyal hamsin" yake cewa. Da harshensa ne ya ja masa alƙalami, da ya zubar da harafin ko'ina, ba zai yi zaɓe ba.

Akwai kuma inda Bature kansa ke jefar da shi: "a fifty-riyal note", saboda a nan adadin siffanta takardar yake yi. Na so in ba mai rubutun wannan uzuri, amma a kwalin babu wani suna da ya biyo baya.

Saura abu guda: harafin yana nan daga 3 zuwa 10, daga nan sai ya yi ɓatan dabo. Wannan iyaka na san ta, tun a zauren karatun nahawu. Na ciro kuɗin guzuri na duba gefen Larabci. Takardar 5 ta ce "khamsatu riyalat", ta 10 "asharatu riyalat", duka jam'i. Ta 50 kuwa "khamsuna riyalan", tilo. Ta 100 ma tilo. Haka dokar take a Larabci: abin ƙirga jam'i ne daga uku zuwa goma, daga sha ɗaya ya koma tilo.

Na tambayi yaron, "Ɗan'uwa, wa ya rubuta muku wannan?"

Ya nuna dattijon da ke bakin akwatin kuɗi. "Maigida ne da kansa, Alhaji. Bayamane ne, ɗan Hadramaut. Ba ya barin kowa ya taɓa farashi."

Abin dariyar, da maigidan ya juya takardar 50 ɗin da ke hannunsa, da ya ga babban bankin Saudiyya ya buga "Fifty Riyals" a bayanta.